Yadda ake bin diddigin matsalar caji a ƙaramin jirgi irin Cessna 172 da Piper PA-28

In matuƙi ya sauko ya ce maka jirgi ba ya caji, abin da kowane sabon yaro a hanga, wato rumfar gyaran jirage, yake fara yi shi ne ya ɗauko sufana ya nufi altaneta. To tsaya tukuna ƙanena. Altaneta yana lalacewa kam, amma sau da yawa in ka bi a hankali sai ka tarar 'yar siririyar waya ce ta tsinke a cikin robarta, ko makunni ya yi tsatsa daga ciki, ko fanbel ne ya saki. Kuma altanetan jirgi ba abu ba ne da za ka je kasuwa ka ɗauko, oda ake yi daga waje da dala, a jira makonni jirgi na zaune, in ya iso aka ɗaura matsalar ba ta tafi ba kai ne za ka sha kunya gaban oga. Saboda haka ƙa'idar ita ce a auna kafin a kwance komai.

Zan yi bayanin ne a kan jirage masu injin Lycoming da fanbel ke juya altanetansu, su ne suka fi yawa a wajen koyon tuƙi. Wannan aiki kana yin sa ne ƙarƙashin injiniya mai lasisi, shi zai sa hannu a logbuk, a Najeriya hukumar NCAA ce ke ba da lasisin. Kuma duk inda lambar da na faɗa ta saɓa da ta littafin gyaran jirginka, littafin za ka bi.

Kayan aiki

Mita ta dijital mai auna volt na DC da na AC da kuma ohm. Wayoyi dogaye guda biyu masu bakin kada, tsawon da zai kai daga inji zuwa cikin jirgi, in babu ka haɗa da kanka ba wuya. Sufanu na inci, su 3/8, 7/16, 1/2 da 9/16, domin jiragen Amurka ba a milimita ake ɗaure su ba, in ka matsa wa noti sufanar mota za ka murje kansa. Tok renc. Sukudireba ta ƙarfe. Tocila da ɗan madubi. Feshin wanke kan waya da ɗan soson goge tsatsa. Wayar kulle mai kaurin inci 0.032 da filayarta. Waigi na tayoyi, da abin kashe gobara a kusa. Sai zanen wayarin na jirgin, wanda ya dace da lambar jikinsa, ba na wani jirgi mai kama da shi ba. In akwai mita mai kama waya ta auna amp na DC to madalla, in babu ma aiki zai yiwu. Sannan mutum na biyu, wanda zai zauna a ciki yana kunna abin da ka ce ya kunna.

Ɗan abin da ya kamata ka sani

Batir randa ne, altaneta shi ne mai zubo ruwa a ciki, in mai zubowa ya tsaya ana ci gaba da sha har randar ta ƙafe. Shi kuma altaneta sai an ba shi 'yar wuta kafin ya bayar da babba. Wannan 'yar wutar ita ake cewa fil, amp kaɗan ce ba ta kai biyar ba, tana tashi daga bos ba, wato layin da ke raba wa komai wuta, ta bi ta birekar da aka rubuta wa ALT FLD mai amp 5, ta bi ta ɓangaren ALT na babban makunni, ta shiga kat-awut wanda a littafi ake kira regileta, ta fito ta je ƙafar F a bayan altaneta, ta ratsa kabon, wato 'yan gawayin da ke gogar zoben ciki, ta shiga kwayil mai juyawa ta mayar da shi maganaɗisu. Babbar wutar kuma tana fitowa ta dayod guda shida, masu mayar da wutar AC ta koma DC, zuwa ƙafar B mai kauri, ta bi ta babbar bireka, galibi amp 60, ta koma bos ba. Hanya biyu kenan, ta shiga da ta fita, duk binciken a kansu yake.

Ka fara sanin tsarin jirginka. Cessna 172 daga samfurin 1978 zuwa sama tsarin volt 28 ne da batir mai 24, waɗanda suka gabace su volt 14 ne da batir mai 12. Yawancin tsofaffin PA-28 volt 14 ne. Zan riƙa faɗin lambobin duka biyun.

1. Tambayi matuƙin da kyau

Kar ka yarda da "ba ya caji" kawai. Yaushe ya fara, a ƙasa ko a sama? Da ya kashe ALT ya sake kunnawa ya dawo? In ya dawo minti nawa ya yi kafin ya sake ɗaukewa? Akwai bireka da ta fito? Yana jin wani kuka a hedfon da yake tashi da sauka tare da inji? Allurar amita, wato agogon caji na fanel, tana rawa? Akwai warin ƙuna ko warin batir?

Amsoshin nan su ne rabin aikin. Wanda ya ɗauke gaba ɗaya bai dawo ba, ka fi zargin tsinkewar waya ko fanbel ko kabon. Wanda yake dawowa in an kashe an kunna, galibi na'urar kariya daga hauhawar wuta ce take yanke fil, sai ka nemo dalilin da ya sa take yankewa. Kuka a hedfon, dayod. Rawar allura, tsatsa a makunni ko bireka.

Wani abu da ke rikita sababbi: amitar Cessna da ta Piper ba abu ɗaya suke nunawa ba. Ta Cessna sifilinta a tsakiya yake, tana nuna ko wuta na shiga batir ko tana fita, to in tana kusa da sifili ana tafiya lafiya lau kenan. Ta Piper sifilinta a gefen hagu yake, tana nuna abin da altaneta ke bayarwa ne, in ta kwanta a sifili altaneta ba ya aiki. Matuƙin da ya saba da ɗaya ya shiga ɗayan zai iya kawo maka ƙarar abin da ba matsala ba. Haka fitilar ƙarancin wuta da ke kamawa in inji na silo an kunna fitilu duka, in aka ɗan taka inji ta mutu, wannan littafin matuƙi na Cessna ma ya faɗa cewa yana faruwa.

2. Tsare jirgin

Waigi a tayoyi, birki a ɗaure, magneto, wato mai ba fulogi wuta, a kashe, makulli a cire a ajiye shi inda kowa zai gani, mikisca, wato madannin da ke daidaita man da ke shiga inji, a ja ta baya gaba ɗaya. Duk da haka ka ɗauki farfela tamkar tana iya tashi ko yaushe, domin magneto ba ya buƙatar batir, in wayar da ke kashe shi ta tsinke to a kunne yake ko da makulli na aljihunka. Cire agogo da zobe kafin ka sa hannu kusa da batir ko ƙafar B. Sai ka buɗe murfin inji.

3. Batir tukuna

Komai a kashe, ka ɗora mita a kan batir kansa. Cikakken batir mai 12 zai ba ka 12.6 ko ɗan sama da haka, mai 24 kuma kusan 25.2 zuwa sama. In ka ga 12.0 ko 24.0 to ya yi ƙasa sosai, ka cire shi ka yi masa caji a waje da cajar da ta dace da irinsa kafin ka ci gaba, don duk awon da ka yi da raunannen batir zai ruɗe ka. Wajen cirewa nagatif ake fara kwancewa, wajen mayarwa shi ne na ƙarshe.

Duba kawunansa, farin gari ko kore a wanke shi. In mai ruwa ne irin na Gill ka duba ruwan, ruwan batir tatacce kawai ake ƙarawa. In rufaffe ne irin Concorde RG ba a buɗe shi. Batirin da yake ta shanye ruwa yana ƙafewa da wuri ko akwatinsa duk asid, alama ce ta cajin ya yi yawa, riƙe wannan a ranka zuwa mataki na 7. Zafin ƙasarmu ma yana cin batir da wuri, wanda ya daɗe a kai shi gwajin ƙarfi, ba volt kaɗai ake dubawa ba.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne batir ya mutu murus, a jona masa wutar waje a tayar da inji a ce ai zai cika a sama. Ba a yin haka. Altaneta zai ta ɗura masa wuta da ƙarfi, duka biyun su yi zafi, kuma in cajin ya ɗauke a sama babu ajiyar da za a dogara da ita.

4. Ido da hannu

Kafin mita, ka duba. Fanbel yana nan? Ya tsattsage, ko ya yi sheƙi kamar an goge shi, ko mai ya jiƙa shi? Akwai baƙin gari a jikin fuli? Kama altaneta ka girgiza, in ya motsa to ƙarfen da ke riƙe shi ya tsage ko noti ya saki, kuma suna tsagewa sosai saboda jijjigar inji.

Ɗaurin fanbel ba da yatsa ake ƙiyasta shi ba. Lycoming suna da takardar umarni mai lamba 1129, hanyar da ta fi sauƙi a ciki ita ce ka ɗora tok renc a kan notin fuli ka juya ka ga a nawa fulin zai zame a cikin fanbel, wani yana riƙe da farfela. Fanbel mai faɗin inci 3/8 sabo ya zame tsakanin 11 da 13 ft-lb a ma'aunin tok renc, wanda ya yi aiki tsakanin 7 da 9. Mai faɗin rabin inci sabo 13 zuwa 15, tsoho 9 zuwa 11. Sakakken fanbel yana caji lafiya in ba lodi, da an kunna fitilar sauka sai ya fara zamewa wuta ta faɗi, shi ya sa yake yaudarar mutane. Ɗaure shi fiye da kima kuma yana cinye boris na gaba. In canja shi za a yi a sani sai an cire farfela, aikin yini ne ba na minti goma ba.

Yanzu wayoyin bayan altaneta. Ja kowace a hankali, musamman siririyar nan ta F daidai inda aka matse mata kai. A nan ne take tsinkewa daga ciki roba ta rufe, ido ba zai gani ba sai ka ja ka ji tana miƙewa kamar danko. Ni dai a duk abin da ke kashe caji ban ga wanda ya kai wannan wayar yawa ba. Duba ƙafar B ko ta yi baƙi ko robarta ta narke, alamar noti ya saki yana zafi. Duba wayar at, wato ta nagatif, mai kitso da ta haɗa inji da jikin jirgi.

In injinka Continental ne wanda giya ke juya altaneta, kamar O-200 na Cessna 150 ko IO-520, babu fanbel, akwai wani mahaɗi ne tsakanin altaneta da giyar inji. In ka leƙa ana juya farfela fankar altaneta ba ta juyawa, tsaya nan ka kira oga, domin gutsattsarin mahaɗin cikin inji suke faɗawa, maganar ta wuce caji ta koma duba filtar mai.

5. Bi wutar fil, inji a kashe

Nan ne zuciyar aikin, kuma ba ka buƙatar tayar da inji. Ka sa na ciki ya kashe makunnin rediyoyi, ya kunna babban makunni duka ɓangarorin biyu, BAT da ALT. Kai kuma ka kai bakin sukudireba kusa da notin fuli. In fil na aiki za ka ji maganaɗisu ya fizge ta sosai. Ka ce ya kashe ALT, jan ya saki, ya kunna, ya dawo. Gwajin daƙiƙa goma ne amma yana raba maka hanya biyu: akwai ja, to hanyar shiga tana da rai, babu ja, matsalar tana tsakanin bos ba da kwayil.

Sai mita. Baƙar wayar a jikin inji inda babu fenti. Fara da bos ba ɗin, ka rubuta lambar, a ce 12.4. Je ƙafar B, in zanen wayarin ya nuna a haɗe take da bos ba kai tsaye ta babbar bireka, dole ka ga kusan wannan lambar. In sifili ka gani a B to birekar ta fito ko ta lalace ko wayar ta tsinke, kuma altaneta ko lafiyarsa ƙalau wutarsa ba ta da hanyar fita.

Je ƙafar F, wayar na ɗaure a wurinta. Tunda inji ba ya juyawa kat-awut yana ganin wuta ta yi ƙasa, zai buɗe fil gaba ɗaya, don haka za ka ga lamba kusa da ta bos ba, ƙasa da ita da volt ɗaya ko biyu. In haka ne hanyar shiga lafiya. In sifili ne ko 'yar kaɗan, sai ka koma da baya taki ɗaya-ɗaya kana bin zanen wayarin: fitar kat-awut, shigar kat-awut, na'urar kariya in a ware take, makunnin ALT gaba da baya, bireka gaba da baya. Inda wuta ta shiga ba ta fito ba, shi ne ɓarawon. In wuta tana shiga kat-awut ba ta fita, kar ka yi saurin yanke masa hukunci, duba at ɗinsa tukuna, wasu ta jikinsu suke samun at inda aka ɗaure su, tsatsa ko fenti a ƙarƙashi ya isa ya hana su aiki. Tsofaffin Cessna masu volt 14 za ka tarar da kat-awut irin na motar Ford mai ƙafafu I, A, S, F, sababbin kuma akwati ɗaya ne da ake kira ACU, kat-awut da kariya duk a ciki.

Abin da nake so ka riƙe sosai: kar ka cire wayar F sannan ka auna bakinta ka ce akwai wuta. Mita ta dijital kusan ba ta jan komai, ko zare ɗaya ne ya rage a wayar, ko makunni ya cika da tsatsa, za ta nuna maka cikakken volt ka ce lafiya. Sai an ɗora lodi gaskiya take fitowa. Shi ya sa ake awo komai na haɗe. Hanya mafi kyau ma ita ce ka ɗora jar waya a bos ba, baƙar a shigar kat-awut, abin da mita ta nuna shi ne wutar da ke ɓacewa a hanya. Ya kamata ya zama ƙasa da rabin volt, in ya fi haka ka auna bireka ita kaɗai, makunni shi kaɗai, ka ga wa ke cin wutar. Jan makunnin nan mai gida biyu na Cessna ya yi suna a wannan, in ya tsufa ɓangaren ALT yana tara datti daga ciki, shi ne yake sa allurar amita rawa da fitilun fanel lumshewa, kuma an sha canja altaneta da kat-awut a banza saboda shi alhali kuɗinsa bai kai komai ba in aka kwatanta.

Kar ka bar makunni a kunne ya daɗe inji ba ya juyawa, kwayil na zafi batir na sauka. Auna, rubuta, kashe.

6. Auna cikin altaneta

In wuta tana zuwa F amma babu jan maganaɗisu, ko F ɗin yana ja har bireka tana fita, sai a duba ciki. Kashe komai. Cire wayar F, ka riƙe notin ƙasa da wata sufanar kar ƙafar ta juya ta tsinke daga ciki. Mayar da mita kan ohm, ɗaya a F ɗaya a jikin altaneta, in mai F1 da F2 ne ka auna tsakaninsu. Na volt 14 galibi yana ba da tsakanin ohm 3 da 6, na volt 28 galibi tsakanin 10 da 18, amma kamfani-kamfani ne, Hartzell da Plane-Power kowa da lambarsa a littafinsa.

Sassauta fanbel ka juya fuli da hannu a hankali kana kallon mita, ya fi juya farfela aminci. Lambar za ta ɗan motsa, wannan ba komai. In tana tsalle daga 5 zuwa ɗaruruwa ko ta buɗe gaba ɗaya, kabon ya cinye ko zoben da yake gogawa ya yi datti ko mai ya shiga. In ba ta nuna komai ko ta ina, kabon ya ƙare ko kwayil ya tsinke. In ta yi ƙasa ƙwarai, kamar ohm ɗaya, kwayil ya haɗe, kuma wannan shi ke ƙona kat-awut, in ka ɗaura sabo ba ka gyara wannan ba shi ma zai bi sahu. Tun da hannunka na kan fulin ka saurara, ƙara ko kaushi ko girgiɗi boris ne.

Ita ma wayar F da ka cire ka auna ta da jikin jirgi bayan ka zare ta daga kat-awut. Tana da sulke na waya a jikinta, wani lokaci zare ɗaya na sulken yana taɓa ta ciki a wajen kai, sai fil ya tafi at kai tsaye.

Kabon abu ne da ake dubawa duk awa 500 a yawancin altanetoci, amma jirgin da ke aiki cikin ƙurar hunturu ni ba na jira sai ya kai.

7. Tayar da inji

Sai yanzu. Mayar da komai, ɗaure fanbel daidai. Jona dogayen wayoyinka, ɗaya a F ɗaya a B, ka ɗaure su nesa da fanbel da salansa, ka shigo da su ta taga. Ba a tsayawa kusa da farfela da mita a hannu, duk awon daga ciki za a yi. Rediyoyi a kashe.

Bayan inji ya ɗan yi ɗumi a kai shi wajen juyi 1500 zuwa 1700 a minti. Ya kamata bos ba ɗin ya nuna kusan 13.8 zuwa 14.4 a tsarin 14, ko 27.5 zuwa 28.5 a tsarin 28. Sai a ɗora lodi ɗaya bayan ɗaya, fitilar sauka, fitilun fiffike, hitar fito, wato mai ɗumama bututun da ke auna gudun jirgi, na ɗan lokaci kaɗan don tana zafi sosai a ƙasa. In fitilun jirgin an mayar da su LED ba sa jan wuta, to hitar ce lodinka na gaske. Lafiyayyen tsari zai ɗan nutsa ya dawo ya tsaya.

Ga yadda ake karanta abin da ka gani. Bos ba ɗin a ƙasa, F a sama kusa da bos ba: kat-awut yana iya ƙoƙarinsa, altaneta ne bai amsa ba, ko fanbel na zamewa. Bos ba ɗin a ƙasa amma B a sama: altaneta na bayarwa, hanyar fita ce ta toshe, duba babbar bireka da kawunan wayar. Bos ba ɗin a ƙasa F kuma sifili: koma mataki na 5, wani abu yana yankewa in inji na jijjiga. Bos ba ɗin ya wuce 15 a tsarin 14, ko ya wuce 30 a tsarin 28: kashe ALT nan take, ko kat-awut ya lalace, ko at ɗinsa ba kyau, ko kuma tsatsar nan ta makunni ce ta sa yake ganin wuta ƙasa da yadda take sai ya ta ƙarawa. Na'urar kariya tana yankewa ne wajen volt 16 a tsarin 14, wajen 32 a tsarin 28.

Da lodi a kunne ka auna ɓacewar wuta tsakanin B da bos ba, da kuma tsakanin jikin altaneta da nagatif na batir. Na farkon kar ya kai rabin volt, na at ɗin ya tsaya wajen 0.2 ko ƙasa.

Sai dayod. Juya mita zuwa AC ka auna B da at, lodi na kunne. Lafiyayye yana nuna ƙasa da rabin volt. In ya kusa volt ɗaya ko ya wuce, dayod ya mutu ko ɗaya daga kwayil na jiki. Altaneta mai mataccen dayod ɗaya yana caji fa, sai dai ƙarfinsa ya ragu, ga kukan nan a hedfon, da rana ba a gane shi sai an yi tafiyar dare an kunna komai.

Akwai wani gwaji da rewaya ke yi a mota, a cire kan batir inji na aiki a ga ko zai mutu. Don Allah kar ka taɓa yin wannan a jirgi. Na farko ba zai gaya maka komai ba tunda injin da magneto yake aiki, ko babu batir ba zai mutu ba. Na biyu batir shi ke danne hauhawar wuta, ka cire shi wutar ta yi tsalle ta shiga kayan fanel, rediyo ɗaya na Garmin ya fi altaneta tsada nesa ba kusa ba. Ga waɗanda suka yi karatu a kwalejin jiragen sama ta Zariya suka saba da Diamond DA40 NG, wancan lissafinsa daban ne, injin dizal ne da kwamfuta ke sarrafawa, rayuwarsa a kan wuta take, littafinsa kawai za ka bi.

8. In har yanzu kana shakka tsakanin altaneta da kat-awut

Akwai gwajin da ake tsallake kat-awut a ba F wuta kai tsaye daga bos ba. Yana aiki ne a tsarin da kat-awut ke ba F fozitif, wanda shi ne a yawancin Cessna da Piper, kuma ba a yin sa a altaneta mai kat-awut a cikinsa. Ana zare wayar F daga kat-awut, rediyoyi da duk wani kayan lantarki a kashe, birekokinsu a zare, inji a silo, a taɓa wayar da bos ba ɗin na 'yan daƙiƙu ana kallon mita, da wuta ta haura 14 ko 28 a saki. Ta haura, altaneta na da rai. Ba ta motsa ba, ya mutu. Gaskiya ni ba na son sabon hannu ya yi wannan shi kaɗai, domin babu abin da ke tare wutar a lokacin, kuma in ka yi mataki na 5 da 6 da 7 da kyau da wuya ka buƙace shi. In akwai benci na gwaji a kusa, cire altanetan ka kai ya fi.

Kuma in ya tabbata altanetan ne, ba a kai shi bakin titi a naɗa masa kwayil, ba a sa masa kabon ko dayod na mota ko da sun shiga daidai. Na tsofaffin Piper kamarsa ɗaya da na motar Chrysler, amma wanda za a ɗaura a jirgi sai mai takardar shaida, fom 8130-3 na Amurka ko EASA Form 1 na Turai.

9. Mai zuwa yana tafiya

Wannan shi ne mai cin rai, a ƙasa komai lafiya, an tashi minti ashirin ya ɗauke. Inji a kashe, makunni a kunne, mita a kan F, sai ka bi wayoyin kana girgiza su ɗaya-ɗaya, ka ƙwanƙwasa makunni da bireka da kwantaktar batir, wato na'urar da ke jona batir da bos ba, da bayan sukudireba, ka motsa filogin ACU, wani na kallon mita. Inda lambar ta yi tsalle nan ne. In bai nuna ba ka yi awon da inji ya yi zafi sosai, domin tsagaggen kwayil da tsohon kat-awut sai sun ji zafi suke nuna halinsu. Tambayi matuƙin ko yana ɗaukewa ne daidai lokacin da ya danna maganar rediyo ko ya sauke filaf na bayan fiffike, in haka ne ka duba at da sulken wayoyi da wayar eriya, wani abu ne ke sa na'urar kariya firgita. Ka kuma gaya masa bireka in ta fito sau ɗaya ake mayar da ita, in ta sake fita a bar ta.

10. Rufewa

Kowane noti a ɗaure shi da tok ɗin da littafi ya ce, na ƙafar F ƙarami ne ƙwarai, in ka matsa za ka karya ƙafar. Robobin da ke rufe B da F a mayar, wanda ya tsage a canja. Wayar kulle a kan notin da ke riƙe ɗaurin fanbel. Wayoyi a ɗaure su yadda ba za su yi lilo ba amma a bar musu ɗan sassauci tunda inji na motsi a kan kujerunsa. Batir a mayar da shi cikakke. Ƙirga kayan aikinka kafin a rufe murfi. A sake tayar da inji, a ɗora lodi duka, ka rubuta volt da ka gani babu lodi da kuma da lodi a takardar aiki, wanda zai zo bayanka zai ji daɗin samun lambobin. A Cessna amita za ta nuna caji da yawa bayan an tayar sannan ta riƙa sauka, littafin matuƙi ya ce bayan minti 30 ana tafiya kar ta wuce faɗin allura biyu, ka ce wa matuƙin ya lura da wannan a tashin farko. In sabon fanbel aka sa a rubuta a sake duba ɗaurinsa bayan awa 25, sai ka kai wa oga logbuk.